Bargar da ke Bakin Rafi

Injiniya bakanike ne, abokan aiki suka laƙaba masa sunan har ya bi shi. Shekara da shekaru yana ajiye godiyarsa a bargar haya a bayan gari, kullum ba shi da zance sai na ranar da zai mallaki fili nasa na kansa. Matarsa kuwa ko kusa da dabbar ba ta zuwa. Tana yarinya doki ya harbi ƙanenta a gaban idonta, tun daga nan in ta ji haniniya sai gabanta ya faɗi.

Da rani dillali ya kai su ganin wani gida da ake sayarwa. Ɗaki uku ne da kicin, a kan ɗan tudu. Daga bayansa fili ya gangara har zuwa wani busasshen rafi mai farin yashi, a can ƙasan kuma ga tsohuwar bargar katako mai rufin kwano. Ciyawar wurin shar take duk da zafin da ake yi. Injiniya ya tsuguna ya damƙi ƙasar yana shinshinawa, matar ta ce masa in zai ci ne a kawo masa cokali. Ta tambayi dillali ko rafin yana kawo ruwa. Ya ce shi ma baƙon wurin ne, amma ya ji an ce da damina yakan kai gwiwa.

Suka saya. Suka tare a farkon damina, da godiyar da ɗan duƙushinta da bai daɗe da zuwa duniya ba.

Ranar da abin ya faru rana ta take sosai. Injiniya ya tafi gari sayo wayar shinge, ya bar godiyar a ɗaure a barga. Matar tana kicin tana farke kwalayen kaya da wuƙa. Can nesa kan duwatsu hadari ya yi baƙi, amma a gidan ko ɗigo bai sauka ba.

Sai ta ji wani rugugi, kamar jerin manyan motoci, alhali babu titi a wajen. Kofunan da ta jera suka fara kaɗawa. Ta leƙa ta taga, ta ga farin yashin nan babu shi. Jan ruwa ne ke tahowa, yana tura rassan itace a gabansa, ya riga ya haura bakin rafin.

Ta kira mijinta a waya. Da ya gane abin da take faɗa sai ya ce, “Kar ki sauka. Kin ji ni? Ki bar su, ga ni nan zuwa.”

Ta ce to. Amma ta san kafin ya iso an gama komai. Godiyar tana wani irin kuka da bai yi kama da haniniya ba, tana dukan katako da kofato. Matar ba ta san lokacin da ta fita ba, sai ganin kanta ta yi tana gangarawa da wuƙa a hannu, ba ko takalmi.

Ruwan ya tare ta a idon sawu, sanyi kamar ƙanƙara. Kafin ta kai ƙofar barga ya wuce gwiwarta. Ta zare sakata, ruwan ya banko ƙofar da kansa. A ciki duhu-duhu, harawa na yawo a saman ruwa. Godiyar ta miƙe da ƙafafun baya, idanunta sun juye fari, igiyar ta shaƙe mata wuya. Duƙushin ya manne a kusurwa, ruwa har ƙirjinsa.

Ta tsaya. Ƙafafunta suka ƙi gaba. Don ta kai ga igiyar dole ta bi ta ƙarƙashin kofatan nan. Ginshiƙin bargar ya yi ƙara, rufin ya karkata. Ta runtse ido ta shiga, tana kiran sunan Allah, tana kuma ce wa dabbar, “Yi haƙuri, yi haƙuri,” ba ta san dalili ba. Igiyar ta jiƙe, wuƙar na zamewa. Ta yi ta gurzawa har ta tsinke.

Godiyar ta zabura ta bangaje ta da kafaɗa. Matar ta faɗi, ruwa ya rufe mata kai, laka ta cika mata baki da hanci. Ta lalubo abin kamawa, hannunta ya faɗa kan gashi mai kauri, ta riƙe iya ƙarfinta. Wutsiyar godiyar ce. Haka dabbar ta ja ta a kan duwatsu da ƙaya har inda ƙasa ta fara tudu. Da ta ɗago kai ta waiwaya, bargar ta durƙushe, babu duƙushin.

Maƙwabcinsu, wani manomi da sau ɗaya suka taɓa gaisawa, shi ya hango duƙushin daga kan tarakta, ya maƙale a tsohon shingen iyaka, hancinsa kaɗai a waje. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga ya jawo shi. Wayar shingen ta yanki duƙushin a cinya, amma yana numfashi.

Injiniya ya iso da laka har wuya, don ya bar motar a inda hanya ta yanke ya ƙaraso da ƙafa. Ya tarar da matarsa zaune a dandamalin kicin, gwiwoyinta duk jini, tana ta amai. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya zauna kusa da ita ya rufe fuska da tafukansa. Can ya ce gobe zai nemi dillali a sa gidan a kasuwa.

Ta ce ya bari tukuna, ita yanzu ko tunani ba ta iya yi. Ta ce ya fara nemo mai ɗinke ƙafar duƙushin, ya kuma ɗora mata ruwan zafi, don haƙoranta sun ƙi daina haɗuwa.