Taƙin Ilu

Ilu mutum ne da Allah ya yi wa hannu. Ba kyauta ake nufi ba, ko da yake ba shi da rowa. Hannun kansa ake nufi, tafi da yatsu. In ya shimfiɗa shi a kan jakar mata a Shiling, garin masu ɗinkin jaka kusa da Guangzhou a ƙasar Sin, yana duba ɗinki, sai jakar ta ɓace a ƙarƙashinsa, 'yan matan masana'antar su yi ta ƙyalƙyala dariya suna kiran laoban, wato maigidansu, ya zo ya gani. Shekararsa goma sha ɗaya a Guangzhou yana sayen jakunkuna yana aikawa Kano ta jirgin sama, kuma abu biyu yake tinƙaho da su: Hausarsa ta cikin badala, da kuma cewa ba a taɓa cinye shi a yaƙi ba.

Yaƙin kuwa na ranar Lahadi ne bayan azahar, a kan teburin ɗaure kaya a siton Abdul-Gafaru da ke kusa da filin jirgin Baiyun. Abdul-Gafaru ɗan zangon Kumasi ne, gajere kakkaura, mai lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu zuwa Gana. Shi ya zo da wasan. Wani malaminsa na sakandare ne ya bar masa littafin dokokin, na Turanci, wanda aka buga tun suna goye aka kuma daina bugawa tuntuni. Abin da ke hannunsa ma kwafin kwafi ne, duk ya yi baƙi-baƙi a gefe. Sun nemi na asali a ko'ina, amsar ɗaya ce, meiyou, babu. Sojojin kuwa wani laoban mai zuba ƙarafan jaka a Shiling ne ya zuba musu da dalma, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Ilu ya ɗauki Farisawa, da dawakansu da maharba da giwaye biyu. Abdul-Gafaru ya ɗauki Rumawa, 'yan ƙasa masu garkuwa. Ana jera su sahu-sahu, a matsar da su bisa doka, a jefa ƙwayar lido ta raba gardama. Ba a sa komai a kai, don Ilu ya faɗa tun farko cewa shi ba zai zo ƙasar Sin ya koyi caca da furfurarsa ba.

Sau ɗaya suka leƙa wani shago a cikin gari inda samarin Sin ke yin irin wasan da sababbin dokoki, littafi mai launi da tef na awo a hannun kowa. Ilu ya taɓe baki, ya ce wannan wasan teloli ne; jarumi da hannunsa yake awo.

Awon da hannu ya samo asali ne tun ranar farko, shekara takwas da suka wuce. Abdul-Gafaru na karantawa yana fassarawa, ya ce 'yan ƙasa suna tafiya taki ɗaya, mahaya taki biyu, kibiya tana kai taki uku. To, shi Abdul-Gafaru, kamar yawancin mutanen zango, harshensa ba ya ɗaukar ƙa. Ƙofa kofa ce a wurinsa, ƙarfe karfe, in kuwa ya yi baƙi sai ya ce yana da baki. Ilu kuma ya ɗora wa kansa aikin gyara masa, ba tare da kowa ya sa shi ba.

"Taƙi, Alhaji," in ji Ilu. "Ba taki ba. Taki ai na gona ne."

Ya ware babban yatsa da na tsakiya a kan teburin ya nuna masa abin da ake kira taƙi. Abdul-Gafaru ya dubi hannun, ya dubi littafin, ya ce to. Tun daga ranar kowa da hannunsa yake awo. Dawakan Farisa suna keta teburin kamar an koro su, kibiyoyinsu na sauka tun Rumawa ba su gama gyara garkuwa ba. Rumawan kuwa, bayin Allah, sai su yi ta rarrafe da 'yan gajerun yatsun ubangidansu, kafin su isa an gama da su. Ilu ya danganta abin ga basira. Kowace Juma'a, a gidan abinci bayan an sauko masallaci, sai ya ba da labarin yadda ya kewaye Rumawa ta hagu, har waɗanda ba su tambaya ba sun haddace.

Sai ga shi bana Abdul-Gafaru ya ce zai koma gida gaba ɗaya. Mahaifiyarsa ta tsufa, ta ce tana son ta riƙa jin tarinsa a tsakar gida, ba a waya ba. Lahadi ɗaya ta rage musu. Ilu ya ji abin har cikin ransa, amma da yake ba mai faɗar irin wannan ba ne, sai ya ce ai gara ma, Rumawa su je su huta. Suka shirya kowa ya riƙe rundunarsa, littafi ya bi mai shi Kumasi. Ilu ya ari littafin don ya yi kwafi.

A gida ya ajiye shi a kan kujera, matarsa Hasiya ta ɗauka. Ita ta koyar da Turanci a Kano kafin ta biyo shi, kuma ta daɗe tana son ganin abin da ke raba ta da mijinta duk Lahadi, abin da take kira 'yan tsanan dattawa. Ta karanta shafi biyu, ta koma baya, ta juya zuwa bangon ƙarshe. Sannan ta tambaye shi, a hankali, da me suke awo. Ya ware mata hannu, ya ba ta labarin yadda ya gyara wa Abdul-Gafaru taki zuwa taƙi.

"Baban Jumai, kalmar nan takun ƙafa take nufi," in ji ta. "Taki ne, kamar yadda ya faɗa."

Ta nuna masa wani baƙin layi a bangon ƙarshe, wanda shi ya ɗauka dattin injin kwafi ne. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa a yanki kara daidai tsawon layin, shi ne taki ɗaya a kan tebur, kuma da shi kowa zai yi awo. Ta kama hannunsa ta ɗora kusa da layin. Layin da ƙyar ya wuce rabin taƙinsa. Kamar mai tausayi, ta tambaye shi ko hannun Alhajin nasu ya kai nawa. Ta shiga kicin, yana hango kafaɗunta na rawa don dariya ta baya.

Kwana biyar Ilu ya yi yana shari'a da kansa. Ya ce ai bai sani ba, kuma ba a kama mutum da abin da bai sani ba. Ya ce saura wasa ɗaya, mutumin zai tafi, wa ya aike shi tonon abin da ya wuce. Ya ce ko da karan aka yi, ai dabara dabara ce. Amma duk inda ya bi sai ya dawo wuri ɗaya: abokinsa zai hau jirgi yana ganin shi bai iya yaƙi ba, alhali shekara takwas ana zaluntarsa da yatsu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba ha'inci ne ya jawo ba, iyayi ne. Mutumin ya faɗi daidai, shi ya gyara masa zuwa kuskure. Ranar Laraba a Shiling ya kama kansa yana auna jaka da hannu, ya yi sauri ya sa hannun a aljihu. Ranar Juma'a aka tambaye shi labarin yaƙi, ya ce kansa ke ciwo.

Ranar Lahadi ya ɗauki tsinken cin abinci guda biyu, irin na 'yan Sin, ya yanke su daidai da layin. Ya tarar da siton ya zama fili, an kwashe kaya, sai teburin da akwatin sojoji da tulin guntayen fata a lungu. Abdul-Gafaru ya riga ya jera Rumawansa. Ilu ya ajiye tsinkayen a tsakiyar teburin, ya buɗe bangon ƙarshe, ya faɗi abin da ya zo da shi a tsaye, yana kallon giwayensa. Ya ce duk nasarorin nan ba nasa ba ne, na hannunsa ne, kuma yana neman gafara.

Abdul-Gafaru ya ɗauki tsinke ɗaya ya jujjuya.

"Bakano, ni fa na karanta littafin," in ji shi. "Taki na ce."

Ilu ya ɗago ya dube shi. Ya tambaye shi me ya hana shi magana duk shekarun nan. Abdul-Gafaru ya zauna a kan akwati ya ba shi labari. Kafin Ilu, mutum huɗu ya koya wa wasan a garin nan, 'yan Gana biyu, ɗan Nijar ɗaya, da wani Bazazzagi. Dukansu ya cinye su a ranar farko, bisa doka, da kara, kuma babu wanda ya sake dawowa. Shekara uku ya yi yana jera runduna biyu shi kaɗai, yana zagaya tebur yana yaƙi da kansa, a garin da in ka rufe sito ba mai ce maka sannu da harshenka. Sai ga wani dogon Bakano ya ware hannu ya ci wasa, Lahadi ta gaba kuma ya iso tun kafin a buɗe ƙofa.

"Da na gyara maka ranar, da ka dawo?"

Ilu ya so ya ce da ya dawo mana. Ya duba zuciyarsa, ya ga ba gaskiya ba ne. Kunya ta kama shi, da wani abu kuma da ya fi kunya nauyi, don sai yanzu ya gane irin riƙon da aka yi masa.

Suka yi wasan da tsinke. Ba sai an ja labari ba: mutumin da ya shekara takwas yana yaƙi da hannun Ilu, da aka ba shi awo daidai, abin ba kyan gani. Dawakan Farisa suka tsaya a tsakiyar fili suna jiran yatsun da ba su zo ba. Kibiyoyi suka zube a ƙasa. Rumawa suka matso a natse, kafaɗa da kafaɗa, suka tsorata giwa ɗaya ta juya ta tattake maharban Ilu. Kafin la'asar an gama. Ilu ya ce a sake, aka sake bayan salla, aka maimaita masa. Ya yi dariya har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Da suka zo kwashe sojoji, Abdul-Gafaru ya je lungu ya zaɓo fata mai kauri, ya shimfiɗa a tebur, ya ce Ilu ya ware hannu a kai. Ya zagaye shi da biro, yatsa bayan yatsa, ya sa almakashi ya yanke. Ya ce a Kumasi zai koya wa mutane wasan, shi zai riƙa awo da tsinke, duk sabon shiga kuwa da wannan zai auna, har sai ya kamu. Ya naɗe hannun fatar ya sa a cikin littafin, daidai bangon ƙarshe.

Ilu ya tambaye shi me zai ce musu sunan abin.

"Takin Ilu," in ji Abdul-Gafaru.

Ilu ya buɗe baki, gyaran ya zo har kan harshensa. Sai ya rufe, ya ɗauki akwatin Rumawa ya kai masa mota.