Waken Suna

Kwana biyar Maiwada yana zaune a gindin kanyar nan ta dajin bayan Dayi, bindigar toka a kan cinya, ko gada bai gani ba, balle barewa. Maharbi ne ɗan maharbi. A nan ubansa ya koya masa kwanto: da kaka ta yi, kanya ta fara zuba, barewa da ƙafarta take kawo kanta.

To, bana ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta nuna ba. Ciyawa ta bushe da wuri, kanyar kuma 'ya'yan da ta yi ba su cika tafin hannu ba. Maiwada ya gani sarai, taurin kai ne ya hana shi tashi. Ga shi ya riga ya bugi ƙirji a gaban surukai cewa ranar sunan jikansa na fari naman barewa za a ci.

Kullum da safe matarsa Maijidda sai ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, waken fadama fa? Shi kaɗai gare mu na abincin suna. Ka je ka rore shi."

"Wake ba ya gudu," in ji shi. "Barewa ke gudu."

Ran na shida, ana gobe suna, da hantsi ya ji motsi a cikin sabara. Ya ɗaga bindiga. Shanu ne! Buba makiyayi yana biye da su, sanda a kafaɗa.

"Haba Buba! Duk faɗin dajin nan sai nan? Ka kore mini nama!"

"Wane nama, Baba Maiwada? Me za su ci a nan, ƙasa? Duk sun gangara inda ke da ɗanye. Jiya ma na ga uku a fadama, sun yi ɓul-ɓul, cikin wata gonar wake mai giginya biyu."

Maiwada ya sauke bindigar a hankali.

"Gonar wa?"

"Oho. Mai ita dai da alama ya yafe ta."

Bai ko yi masa sallama ba. Tafe yake yana tsaki, ƙaya na kama masa riga, har ya hango giginyoyin. Ya tsaya a kan iyakar gonarsa. Ganyen da kwanson duk an kwashe, sai jijiyoyi kwance a ƙasa. Ga sawun kofato ko'ina, manya da ƙanana, ga kashinsu ɗanye sharaf, na safiyar nan. Wallahi da a kan kunyar waken nan ya zauna, ko makaho ne shi da ya harbi ɗaya.

Ya bi kunya-kunya yana tsintar abin da suka rage. Hularsa ma bai cika ba.

Maijidda tana wanke babbar tukunyar da ta aro don gobe lokacin da ya shigo. Ya ajiye hular a gabanta. Ta dubi waken, ta dubi tukunyar, sannan ta dubi bindigar.

"Barewar fa, Malam?"

Ya rataye bindigar a ƙusa, bai juyo ba.

"Ta ƙoshi," in ji shi.