Suruki a Kujerar Alƙali

Musaddiq bai taɓa jin tsoron Suhaibu ba. Sau uku suna haɗuwa a filin tanis, sau uku yana lallasa shi. Don haka da aka ce su biyu ne a wasan ƙarshe na gasar maza a Daura, wanda ya ci kuma shi zai tafi gasar ƙwararru a Abuja, tun da safe ya sa matarsa Rauda ta haɗa masa jaka.

Ashe matsalar tana can sama, kan doguwar kujerar alƙali. Alƙalin da aka gayyato daga Katsina bai iso ba, sai aka ɗora Malam Harisu, tsohon malamin wasanni daga Dutsi, mahaifin Rauda.

Kowa ya ɗauka Musaddiq ya samu gata. Ina! Malam Harisu mutum ne mai kunya, gara ya danne nasa da a ce ya yi son kai. Duk ƙwallon Musaddiq da ta sauka kusa da layi, sai ya kawar da kai ya ce ta fita. Shi kuwa Musaddiq da bugun layi yake cin abinci. A haka ya rasa zagayen farko.

Abin ya ƙona masa rai ƙwarai. Da wani ne, da tuni ya je ya nuna masa sawun ƙwallo a ƙasa. To amma wa zai tsaya yana musu da surukinsa, mutanen garinsu Baure da na Dutsi na kallo? Ko ido ba ya iya haɗawa da shi.

Lokacin hutu yayansa Yazid ya raɗa masa cewa ya kai ƙara wurin masu gasar.

"Ba zan kai Baba ƙara ba," in ji Musaddiq, yana ɗaure takalmi. "Zan dai daina ba shi aiki."

Ya bar layi gaba ɗaya. Ya dinga auna Suhaibu da ƙwallo a ƙirji da ƙafa, ko ya ɗiga ta gindin raga, inda babu mai gardama. Suhaibu ya yi ta tsalle kamar ya taka garwashi. Zagaye biyu a jere Musaddiq ya kwashe.

Saura sanarwa. Malam Harisu ya ɗauki lasifika, ya yi gyaran murya sau biyu, bakinsa ya ƙi furta sunan mijin 'yarsa.

"Suhaibu ya faɗi," ya ce, ya sauko da sauri yana goge ido da hannun riga.