Madacin Baba Yona

Madacin da ke bayan gidanmu a Kpakungu ya girmi unguwar gaba ɗaya. Mahaifina, Baba Yona, ya ce yana yaro irinsa ba sa ƙirguwa daga nan har bakin rafi. Masu katako suka zo da motoci suka kwashe manyan, masu gawayi suka biyo baya suka share ƙanana. Namu ya tsira ne don kakanmu mutum ne mai taurin kai, kuma an ce ni na gado shi.

A gidanmu ba a hana mai ciwo ɓawon madaci. Sai dai akwai ƙa'ida: ka ɓamɓari kaɗan a gefe guda, ka shafe wurin da laka ya warke. Wannan ta yi daidai lokacin da ake da daji. Yanzu duk mai ciwon ciki ko zazzaɓi ya san hanyar gidanmu, kuma ba mai zuwa da laka. Aka yi ta feɗe itacen nan, har ya zama saura wani ziri mai faɗin tafin hannu da ke haɗa saiwa da sama. Baba ya ce ranar da zirin ya yanke, itacen ya gama.

Tun daga nan hankalina bai ƙara kwanciya ba. Doya nake sayarwa a Kasuwar Kure, amma jikina ne kawai a rumfa. Mai saye na tayawa, ni ina tunanin wuƙa. Na kewaye gindin da ƙaya, aka janye. Na ɗaura tsohon kwanon rufi da waya, aka kwance. Maƙwabta suka sa mini suna Margaret Mai Gadi, ni kuwa ko a jikina, an tsakuri kakkausa. Wata ta ce mini ai itacen Allah ne. Na ce waɗanda kuka dafa shinkafa da gawayinsu fa, na wa ne?

Baba na bar wa tsaron itacen, tunda a inuwar yake wuni. Kullum zan fita sai na ja masa kunne, shi kuma ya gyaɗa kai kamar ɗan makaranta.

Ran nan da tsakar rana zama ya gagare ni, na rufe doya da buhu na hau keke. A bakin lungu na yi kiciɓis da Ndakotsu mai walda, maƙwabcinmu, riƙe da baƙar leda. Ya kauda ido. Ban tsaya gaisuwa ba.

Zirin ya tafi. Baba na durƙushe yana shafa laka, wuƙarsa a ƙasa.

"Baba, kai ka yanka?"

"Ni ne. Matar Ndakotsu tun da ta haihu ciwon ciki ya hana ta tashi. Sun je asibiti, sun dawo."

"To madaci ne zai tashe ta?"

"Ban sani ba, Margaret. Da dajin yana nan, da na nuna masa hanya. Ina zan tura shi?"

Na yi faɗa har muryata ta dushe, shi kuwa ya ci gaba da shafa lakarsa. Haushinsa nake ji, ina jin tausayinsa, na rasa wanda zan bi.

Cikin damina, ko'ina kore shar, madacin ya fara zubar da ganye. Da wani reshe ya faɗo wa maƙwabta a kan kwano, mai unguwa ya aiko, aka zo da injin zarto. Baba ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ni na tsaya na gani, don ba na son a ba ni labari.

Bayan sati wata mata ta yi sallama, goye da jariri, ta rame amma tana kan ƙafarta. Matar Ndakotsu ce, Karima, ta zo yi wa Baba godiya. Na daɗe ina tanadin maganar da zan gasa mata, sai ga shi ta durƙusa tana ce mini Anti, yaron yana tsotsar hannu. Na ɗauko tabarma na zagaya bayan gida kamar yadda muka saba yi wa baƙi. Rana ta ƙwalle ko'ina. Na tsaya da tabarmar a hannu, na rasa inda zan shimfiɗa mata.