Kifin da Na Hana Mak

Shekara shida tukunyar gidanmu ba ta ga kifi mai maiƙo ba, alhali daga ƙofarmu zuwa inda jiragen masunta ke sauke kaya bai kai taki ɗari ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan, kuma ni Salmiah ce na shirya shi da hannuna.

Mahaifiyata, Mek Jarah, wadda muke kira Mak, shekara arba'in ta yi tana sayar da kifi a bakin teku. Jirgi na can nesa kamar ƙuda za ta ce na wane ne, ta lissafo matarsa da 'ya'yansa har da wanda ya fi rashin ji. Ta san watan da kifin kembung ke ƙiba. Takan gasa shi a ganyen ayaba, mai yana ɗiga a garwashi, ta cinye har kan, ta tsotse ƙayar.

Sai aka yi mata aiki a ciki. Ranar da muka dawo daga asibiti, ƙanwar babana, Mak Su Kelsom, ta tare ni tun ban cire takalmi ba.

"Ke Salmiah, pantang fa! Kembung dafi ne ga mai ɗinki. In kin ba ta wurin ya ruɓe, kada ki zo kina yi mini kuka."

Kowa a nan ya san pantang, hanin abincin mai jinya, kwana arba'in da huɗu ne. Na kiyaye shi tsaf. A rana ta arba'in da biyar Mak ta ci kembung biyu, washegari na gan ta tana sosa tabon. Wataƙila sauro ne ma ya cije ta, wa ya sani? Ni dai tsoro ya kama ni, na mayar da hanin. Na haɗa da ƙwai, da gyaɗa, da madarar kwakwa. Abin da ya rage mata shi ne faten farar shinkafa, da biskit, da shayi mai madarar gwangwani.

Takan roƙe ni. "Salmiah, kan kaɗai. Kan kifi ai ba kifi ba ne."

"Mak, ni na kwana a tabarmar asibiti, ba ke ba."

Wata rana na same ta a bayan rumfar maƙwabta da rabin kembung a hannu. Na fizge shi na jefa wa kyanwa, a gaban matan da suka koyi sana'a a wurinta. Ta goge yatsunta a zane ta biyo ni gida. Matan unguwa kuwa suka dinga yabona, wai samun 'ya irina sai an tona. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba.

Mantuwa a hankali ta shigo mata. Da farko tukunya ce take mantawa a kan wuta. Sai ta fara yin la'asar sau biyu. Sai jirage suka daina suna a bakinta. Bara ta dube ni ina ɗaura mata zane ta ce, "Sannu, baiwar Allah, 'yar gidan wa ce ke?"

Yayana Razali, da ke birni yana jinyar Mak ta waya, ya aiko da kwalbar ƙwayoyin man kifi, wai yana gyara ƙwaƙwalwa. Kifin da ya hau jirgin sama ya zo garin masunta! Amma ku ji wautar da ta fi tasa: ɗaukar kwalbar na yi na tafi asibitin garinmu, don in tambaya ko man kifi yana karya pantang.

Likitar yarinya ce, ban haife ta ba amma da kaɗan. Ta tambayi abin da Mak ke ci, na zayyano mata da alfahari. Ta ajiye biro.

"Kak, tun yaushe?" in ji ta. Kak a wurinmu Yaya ke nan.

"Shekara shida."

"Ɗinkin nan ai tun wata na biyu ya warke. Ƙwaƙwalwa tana son mai mai kyau, irin na kembung ɗin nan da ke ƙofar gidanku, da ƙwai, da gyaɗa. Sukari da farar shinkafa kawai ba sa riƙe tsoho."

"To ni na jawo mata?"

"Ban ce ba. Tsufa yana da nasa rabon, wani yana cin kifi kullum kuma ya manta. Sai dai ba ki taimake ta ba."

"In na ba ta yanzu, za ta gane ni?"

"Ki ba ta dai, Kak. Mu riƙe abin da ya saura."

Daga nan gidan Mak Su Kelsom na wuce, raina yana tafasa. Na same ta tana ɓare kembung da yatsu, mai har gwiwar hannu.

"Ni?" in ji ta. "Kwana arba'in da huɗu na ce miki. Sauran ke kika ƙara da iyayinki."

Ban taɓa jin haushin gaskiya irin na ranar ba.

Na gangara bakin teku na zaɓi kembung huɗu masu ƙiba, masu idanu garau, yadda ita ta koya mini. Na naɗe su a ganyen ayaba na ɗora a garwashi. Ƙamshin na tashi sai ga Mak ta fito da kanta, hancinta yana motsi. Na zaunar da ita a baranda, na ajiye faranti a gabanta, na cire mata ƙaya.

Hannunta ya miƙa har ya kusa taɓawa. Sai ta janye shi ta cusa a ƙarƙashin cinya.

"Ɗauke, baiwar Allah. 'Yata ta hana."

"Mak, ni ce 'yar taki. Ni ce Salmiah. Na janye hanin, ci abinki."

Ta ƙare mini kallo, ta yi murmushi irin na wanda ake yi wa wayo.

"A'a. Ke kina da kirki. Salmiah in ta gani kyanwa za ta ba, a gaban mutane."

Wata bakwai ke nan. Na daka shi a fate, na ɓoye shi a miya, amma hancin da ya shekara arba'in a kan kifi ba a yi masa dabara. Ta manta jirage, ta manta babana, ta manta fuskata. Hanina ne kaɗai ya zauna daram.

Jiya ma na gasa. Da ta ji motsin wani a kan tsanin baranda, sai ta zare gyalenta da sauri ta rufe farantin, ta kama hannuna tana raɗa.

"Ɓoye, ɓoye. Kada ta zo ta yi miki faɗa ke ma."