Kaset ɗin da Baba Bai Mayar Baya Ba

To ai ba a zubar da kwalayen ba! Suna nan a falon Baba, cike taf da kaset-kaset ɗinsa, ko ɗaya bai fita ba. Mai kwasar shara ya zo har ƙofar gida da kurarsa, haka ya juya da ita wayam. Yaya ma da ya rantse sai ya fitar da su, shi ne yanzu yake bin su da tsumma yana gogewa kamar ƙwai. Ku tsaya ku ji yadda aka yi, don ita kanta Auta har yau in ta tuna sai ta yi dariya ta yi kuka.

Baba Mai Kaset ake ce masa, saboda shagon hayar finafinai da ya yi shekara da shekaru yana riƙewa. Shago ne ɗan ƙarami, kanta har sama, kowane kaset da sunansa a gefe da rubutun Baba. A ƙarƙashin teburin shagon nan Auta ta girma, tana jin ƙanshin roba da ƙura, tana jin Baba yana faɗa da masu haya. Faɗan kuwa ɗaya ne kullum: wanda ya dawo da kaset bai mayar da shi baya ba, ranar zai ji babu daɗi.

Shi kansa yana da dokarsa. Da zarar fim ya ƙare, sunaye sun fara hawa sama, zumbur zai miƙe ya kashe bidiyo, ya zaro kaset, ya jefa shi cikin wata 'yar na'ura ja mai siffar mota, wadda aikinta kawai mayar da kaset baya. Wai in aka bar zare ya tafi har ƙarshe, yakan ja ya saki, ya kuma cinye kan bidiyo. Duk gidan nan babu wanda ya taɓa jin waƙar ƙarshen fim ta kai ƙarshe.

Sai faifai ya zo, sai waya ta zo, shago ya mutu. Yanzu ma kwalin waya ake sayarwa a wurin. Baba ya kwaso kayansa ya jibge a falo, ya zauna kusa da su yana gadi.

To Yaya, babban ɗan Baba, aikinsa haɗa wa mutane talabijin da sifika a gidaje. Rannan sai ga shi da kaya niƙi-niƙi: talabijin na bango mai faɗin ƙofa, sifikoki ƙanana na kusurwa-kusurwa, da wani baƙin akwatin sauti da ke sa ƙirjin mutum rawa. Duk don Baba. Sai dai wuri ya ƙi, kwalaye sun cinye rabin falo, ga ɓeraye sun mayar da su gidan haihuwa. Yaya ya ce ranar Asabar za a kwashe.

Ranar Auta ta zo tun da hantsi, goye da 'yarta. Kumatu ake kiranta, kuma in kun gan ta ba sai kun tambayi dalili ba. Ta fara rarrafe, komai ta samu sai baki. Duk dangin da ya ɗauke ta sai ya ce, "Kai, Inna ce sak! Dubi wannan lotsawar kumatu in ta yi dariya." Auta sai dai ta ce to. Inna ta rasu tun ita Auta ba ta fara tafiya ba. Hotunan gidan kuma ruwa ya cinye su shekarar da rufi ya yi yoyo, saura guda ɗan mitsitsi da ya koɗe, ba a gane ido ba a gane hanci. Ba ta san fuskar uwarta ba, balle murya.

Ta tarar da Baba ya harɗe a kujerarsa, fuska a murtuke, Yaya yana kan tsani yana ɗaura sifika a bayan kujerar.

"Baba, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Ina lafiya, ana rataya mini amsa-kuwwa a ƙeya? Miƙo mini amaryata, ita kaɗai ce ba ta haɗa baki da ku ba."

Ya karɓi Kumatu ya ɗora a cinya, ya fara kai mata ƙara. "Kin ga yayan uwarki? Wai mutum yana magana a gabana, muryarsa kuma ta fito ta bayana. Fim ne ko aljanu?"

Yaya ya ce daga sama, "Baba, haka ake yi yanzu. Za ka ji kamar kana ciki."

"Wa ya ce maka ina son shiga ciki? Ni daga waje nake kallo, in an gama in tashi in yi salla. Jiya da ka kunna wancan baƙin akwatin, kofuna suka kama rawa a kan tebur, na ɗauka mota ce ta daki katanga."

"Amma ai hoton ya fita tas."

"Ya fita har ya wuce gona. Fuskar mutum kamar an wanke roba. Har hodar da aka shafa wa jarumi kana gani. Sannan ga baƙi a sama, ga baƙi a ƙasa, an yanke wa fim kai da ƙafa, kamar kana leƙe ta ƙasan ƙofa."

Auta ta ƙunshe dariya, ta zuga shi da gangan. "To Baba, faifai fa?"

"Kar ki tuna mini! Ɗan ƙarzane kaɗan, sai jarumi ya daskare baki buɗe kamar mai jiran magani. Balle wanda ake cusa fim ashirin a guda, wannan ai zalunci ne, kowa ya fito kamar an zana shi da gawayi. Na waya kuwa ban ma sa shi a lissafi ba. Fim ɗin da ba za ka riƙe a hannu ba, ba za ka ba maƙwabci aro ya ƙi dawo da shi ba, ina daɗinsa? Kaset ko ya tsinke, in ɗauko almakashi da salatif in ɗinke shi, ya ci gaba da rayuwarsa."

Yaya ya sauko yana karkaɗe hannu. "Duk na ji, Baba. Amma jiya kashin ɓera na ciro daga hannun ɗan maƙwabta a nan wurin. Ga Kumatu tana rarrafe. Mai shara zai zo da la'asar."

 Nan Baba ya dubi kwalayen, ya dubi yarinyar da ke tsotsar maɓallin rigarsa. Auta ta ga irin kallon da ya yi, sai ta daina dariya.

Can ya ce, "To. A bar ni in kalli guda ɗaya. A bidiyona, ba a naku ba."

Kowa ya san wanne. Fim ɗin direban jirgin ƙasa da ke neman ƙaninsa tasha-tasha. Baba da kansa ya kwafe shi a kan dogon kaset tun yana saurayi, ya kalle shi har zaren ya yi laushi. A gindin kaset ɗin akwai wani tabon danƙo, daidai ramin da ake toshewa in za a yi ɗauka a kai. Tun Auta tana ƙarama take jin tarihin tabon nan: wai wani marar kunya cikin masu haya ya liƙa salatif zai goge masa fim, Allah ya tona asirinsa, Baba ya gani ya ɓanɓare. Mutum uku ya daina ba haya saboda zargi.

Yaya ya jawo tsohon bidiyon, ya hure masa ƙura, ya nemo waya mai kai ja da fari da rawaya, ya haɗa shi da sabon talabijin da sifikokin. Rimot kam ya ɓata tun Auta tana firamare, sai dai a tashi a danna.

Fim ya fara, hoto yana ɗan rawa daga ƙasa. Baba ya ce, "Yawwa! Kun ga kala? Wannan ita ce fatar ɗan Adam." Yana faɗin magana kafin jarumi ya faɗa. Ya nuna inda wani mai haya ya taɓa tauna zaren, ya nuna inda Inna takan ce a ƙara murya. "Ita waƙar ƙarshe take so. Kullum muna faɗa, wai ban taɓa barinta ta ji ta gama ba."

Wajen tsakiya Kumatu ta fara rigima. Haƙori take fitarwa, kwana biyu ba ta yi barcin kirki ba, ita ma Auta idonta ya faɗa. Aka yi jijjiga, aka yi goyo, aka ba ta mama, ta ƙi. Baba ya ce a kawo ta. Ya kwantar da ita a ƙirji yana ɗan bubbuga bayanta daidai da ƙarar jirgin cikin fim. Kafin direba ya kai tashar ƙarshe, yarinya ta yi luf, ta damƙe gemunsa da hannu ɗaya.

Sai sunaye suka fara hawa.

Baba ya yunƙura. Kumatu ta motsa, ta ɓata fuska.

Auta ta ce cikin raɗa, "Baba, don girman Allah kar ka tashi! In ta farka na shiga uku."

"To ke kashe mana! Zaren zai ja."

Auta kuwa hannunta duk sabulu, tana daga ƙofar kicin tana wanke kwalbar yarinya. Yaya kuma ya fita, don mai shara ya iso yana buga ƙyaure. Baba ya dubi bidiyo, ya dubi gemunsa a hannun jika, ya koma ya jingina yana huci.

Waƙar ta tafi, ta tafi, har ta ƙare. Daɗi gare ta ashe! Talabijin ya yi baƙi, sannan ya kama shuuu, fari da baƙi kamar tururuwa. Sai hoto ya yi tsalle.

Shagon ne. Kanta har sama, 'yar motar ja a kan tebur. Ga wata mata zaune a kujerar Baba, ɗankwali ya zame, jaririya a cinyarta.

"Ta kama? Kai, ka riƙe da kyau mana, hannunka sai rawa yake."

Muryar ta fito ta gaba, ta fito ta gefe, ta fito ta sifikar nan da ke bayan kujera. Wallahi Baba sai da ya waiga ƙofa. Ya waiga yana neman ta!

Matar ta gyara zama, ta murtuke fuska, ta yi irin muryar Baba: "Wanda bai mayar da kaset baya ba, kar ya sake tako mini shago!" Sai ta fashe da dariya, kumatunta suka lotsa, gefen hagu ya fi zurfi. Mai riƙe da kamara ma yana ta ƙyaƙyatawa, kuma duk wanda ya san Kawu, ƙanin Inna mai ɗaukar bidiyon taro, ya san dariyarsa ce.

Ta ce, "Maigida, ka tafi sayo kaya, mun shigo maka shago. Ni na liƙa salatif ɗin, kar ka kama bayin Allah. Ban taɓa maka fim ba, a wutsiyar zaren muka hau. Na ce da wannan yaron, mutumin nan sai ya shekara bai gani ba, don ba ya barin abu ya ƙare. In ka ga wannan, to ka ji waƙata ke nan har ƙarshe. Ka ji daɗinta ko?" Ta ɗago jaririyar, ta kama ɗan hannunta tana ɗagawa. "Auta, gai da Babanki. Ce masa ya riƙa zama."

Kwalba ta suɓuce daga hannun Auta. Ba ta san sanda ta iso gaban talabijin ba, ta durƙusa, ta ɗora hannu mai kumfa a kan gilashin Yaya sabo fil. Faɗin talabijin ɗin ya sa fuskar ta kai ta mutum. Ga hancin, ga wushirya, ga yadda take kallon jaririyar nan kamar ba kowa a duniya.

Yaya ya shigo yana cewa, "Baba, mutumin yana ji..." Bai ƙarasa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙaton mutum, ya ce, "Inna," kamar yaron da aka manta a makaranta.

Hoton bai daɗe ba. Inna ta ce, "Kashe, kashe, ga shi can!" sai tururuwa ta dawo. Kumatu ta buɗe ido, ta dubi kakanta, ta wangale baki tana dariya. Gefen hagu ya fi zurfi.

Baba ya goge fuska da hannun riga. Ya ce, "Mutum uku na kora a banza." Sannan ya nuna sifikar bayan kujera da haɓa. "Wannan ta ƙeyar, a bar ta."

Yaya ya fita ya ba mai shara haƙuri. Ya dawo zai zaro kaset ya sa a jar mota, don ya san doka, Baba ya daka masa tsawa: "Kar ka taɓa! Ɗan ja shi baya kaɗan, daidai inda waƙa ta fara. Nan zai zauna."

Yanzu kullum bayan azahar ana kunna kaset ɗaya a bar shi ya tafi har zare ya ƙare, ko Inna ta sake ɓuya a wani. Ba a kuma samu ba tukuna, amma kwalaye da yawa. Yaya ya sayo akwatunan roba masu murfi saboda ɓera, ya kuma kwafe Inna a waya, Baba yana mita wai an rage mata kala, amma sau nawa Auta ta kama shi yana cewa a kunna masa.

Saura Kawu. Ya tashi daga tsohon gidansa, lambarsa ba ta shiga, kuma shi kaɗai ya san ko sun yi wani. Don Allah duk wanda wannan labari ya iske, ya tura wa na gaba har ya kai kunnensa. Ku ce masa an gani, hannunsa ya yi rawa amma an yafe, ya zo Baba yana nemansa. Wanda kuma ke da tsohon kaset a ƙarƙashin gado, ku gaya masa kar ya zubar sai ya bar shi ya kai ƙarshe.