Durƙuso a Gidan Bidiyo

Duk Gwandu an san Sambo da abu biyu, sanin saniya da kaifin baki. Idan ya dubi sa ya ce zai yi tsada, to zai yi. Idan kuwa ya ɗora wa mutum baki, sai dai mutumin ya canza hanyar zuwa masallaci.

Bakin nan ne ya raba shi da 'yarsa Salamatu. Wansa Isa, wanda shi ne waliyyi, ya ba da ita ga Lukuman, wani saurayi mai gidan bidiyo a Kalgo. Sambo bai hana ba, don ƙane ba ya tayar da maganar wa. Amma ranar ɗaurin aure, a gaban jama'a, ya ce ƙafarsa ba za ta taɓa taka gidan da ake cin tuwo da rawar Indiya ba. Ya ce sana'a ce ta marasa kunya, masu tara 'ya'yan mutane a duhu su nuna musu mace tana karairaya. Ya kuma hana mutanen gidansa kawo masa labarin ma'auratan. Salamatu 'yar fari ce, shi kuwa Bafulatani ne na ƙwarai, ko sunanta bai taɓa kamawa ba, balle ya nuna yana kewarta. Da ta haihu bai je suna ba. Rago kawai ya tura ta hannun Isa, ya ce kada a ce daga wurinsa yake.

To, laifi tudu ne. Abin da mutanen Gwandu ba su sani ba shi ne, lokacin da Sambo yake saurayi yana kora shanu zuwa Sakkwato, ya taɓa shiga sinima. Ba sau ɗaya ba kuma. Fim ɗaya ne ya kama shi, na wani makiyayi da ke yi wa wata mai yankan ciyawa waƙa a bakin kogi. Ya kalle shi har ya haddace waƙar, ko da yake bai san ma'anar kalma ko ɗaya ba, inda ya manta sai ya cike da nasa. Da ya auri Kubura, uwar Salamatu, ita kaɗai ya taɓa rera wa, a bakin fadama inda ba kowa sai shanu. Ranar da aka binne Kubura ya rufe bakinsa a kan waƙar, ya ɗauka shi ke nan.

A daminar shekarar da aka ba Kebbi jiha, ya je cin kasuwar Kalgo. Ya sayar da shanunsa kafin azahar, ya yi salla, ya bi ta bayan kara, wato kasuwar shanu, zai nufi tasha. Nan ya ji waƙar. Daga wata lasifika da aka rataye a ƙofar wani shago mai baƙin labule take fitowa, da sarewarta da komai, yadda ya bar ta. Ya tsaya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Wani mutum mai suna Garba, wanda ke tsaron ƙofar, ya lura da shi.

"Baba, wanga na zamaninku ne," in ji Garba. "Kwanan nan anka hiddo shi a kaset, daga Kano anka kawo. Yanzu za a hwara."

Sambo ya so ya tofar da yawu ya wuce, kamar yadda duk wanda ya san shi zai zata. Amma ya yi lissafi irin na mai son zuciya. Shagon surukinsa, a iya saninsa, yana can bakin tasha, wannan kuwa bayan kara ne. Da bai toshe kunnensa ba, da ya ji cewa Lukuman ya daɗe da tasowa daga tasha. Ya duba gabas ya duba yamma, ya ja rawaninsa ya rufe baki da hanci, ya sunkuya ya shige.

Ciki duhu ne, ga zafi, ga warin gumi da hayaƙin janareto. Ya lalubi bencin ƙarshe ya zauna a lungu. Da idonsa ya saba da duhun, ya hango ƙeyar Ɗanjuma a gaba, wani dillalin shanu ɗan Gwandu wanda magana ba ta kwana a cikinsa. Ya yi niyyar tashi, sai hoton ya bayyana, ya koma ya zauna.

Fim ɗin ya tsufa, ruwan hoton ya koɗe, samarin da ke gaba har dariya suke yi wa gashin bakin jarumin. Sambo bai ji su ba. Da aka zo bakin kogin nan, makiyayin ya ɗaga sarewarsa, sai ya ga ba 'yar Indiya ba ce ke yankan ciyawa, Kubura ce, da ɗan hakin da take taunawa idan tana jin kunya. Hawaye suka jiƙa rawanin, ya janye shi ƙasa don ya share fuska. Bai san lokacin da bakinsa ya fara bin waƙar ba.

Ana tsakiyar baiti hoton ya yi rawa, ya tsattsage, ya ɗauke. Na'urar ta cinye zaren kaset ɗin. Ɗakin ya yi tsit, sai muryar tsoho ɗaya da ta ƙarasa rabin layi ita kaɗai kafin ta ankara.

"Wane ne wanga gwani?" in ji wani, aka fashe da dariya.

Garba ya leƙa waje ya ƙwala kira. "Maigida! Ta sake naɗewa!"

Aka yaye labule, aka buɗe taga don a sami hasken gyara. Mai shagon ya shigo da sukuddireba a hannu, yana ba jama'a haƙuri. Lukuman ne. Ya bi ta gefen benci zai wuce gaba, idonsa ya faɗa lungu, ya ga fuskar surukinsa a buɗe, jiƙe da hawaye.

Da Lukuman ɗan iska ne kamar yadda aka ce, da ya kau da kai ya wuce, ba wanda zai sani. Amma yaro ne mai tarbiyya, kuma jikinsa ya riga hankalinsa. Nan take ya tuɓe takalmansa, ya zube ƙasa ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, sukuddireban ya faɗi ya yi ƙara. Haka ake yi wa suruki ko a tsakiyar kasuwa aka gamu. Ai kuwa duk ɗakin ya waiwayo don a ga wanda ake yi wa wannan durƙuso.

"La ilaha illallahu!" in ji Ɗanjuma, ya miƙe tsaye. "Sambo? Kai ne ka yi muna waƙa?"

Sambo ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya dubi Lukuman, ya ga yaron ya gane ɓarnar da ya yi, kunnuwansa har rawa suke, amma ba shi da ikon tashi sai an sallame shi. Abin da ya fi ƙona Sambo ke nan. Da yaron ya yi masa dariya, da ya sami abin riƙewa.

Ya ja rawani, ya ratsa ta cikin mutane ya fita.

A waje ya rasa inda zai sa kansa. Tasha cike take da mutanen Gwandu masu jiran mota, kuma ya san kafin ya isa labarin ya riga shi. Yana tsaye a gindin wata bishiyar bedi sai ya ji motsi a bayansa. Lukuman ne, ba takalmi, ya tsaya nesa, ya juya fuskarsa wajen Garba da ya biyo shi, don ba ya iya yi wa suruki magana kai tsaye.

"Garba, a gaya ma Baba gida na nan bayan masallacin Juma'a, mai ƙohwar kwano shuɗiya. Ni ba ni komawa sai motocin Gwandu sun tashi."

Ya faɗa ya juya. Sambo ya daɗe a tsaye. Ya tuna rantsuwar da ya yi a gaban jama'a, ya kuma tuna cewa jama'ar nan yanzu suna tasha suna kwaikwayon muryarsa. Ya bi ta lungu, kansa a ƙasa.

Ya shiga zauren ke nan, bai kai ga sallama ba, ya sake jin waƙar. Wannan karon ba sarewa, muryar mace ce ƙasa-ƙasa, irin ta mai lallashin goyo. Kuma ba yadda take a kaset ake rera ta ba. Da ciko-cikon nan nasa ake yi, waɗanda ya ƙaga a hanyar Sakkwato inda ya manta na ainihi.

Ya yi sallama da ƙyar. Waƙar ta tsaya. Can Salamatu ta leƙo, ta gan shi, ta koma da sauri, ta dawo da tabarma da ƙwaryar ruwa. Ta durƙusa a bakin ƙofar ciki, da jaririya a kafaɗa, idonta a ƙasa. Ta gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Ta rame kaɗan, kuma ta ƙara kama da uwarta.

"Wagga waƙa," in ji shi, "a shagon mai gidanki kinka ji ta?"

"A'a, Baba. A bayan Inna na ji ta."

Ta ci gaba, idonta a ƙasa.

"Ta ce kai ka koya mata, kuna sabon aure. Ta ce a sinima ka jiyo ta, can Sakkwato. Ta so ta ga fim ɗin, Allah bai nuhwa ba." Ta gyara wa jaririyar kwanciya. "Ni na roƙe shi ya nemo min kaset ɗin. Na rera mishi, ya yi ta bin shagunan Kano har ya dace."

"Ashe ranar ɗaurin aure, da nike ta magana, kin sani."

"Na sani, Baba."

"Kin gaya mishi inda uwarki ta samo ta?"

"Ban gaya ma kowa ba."

Sambo ya dubi ƙwaryar ruwan, ya kasa ɗauka. Dariyar Ɗanjuma ta zama wasan yara a kan wannan. Shi yana yawo a Gwandu yana yaga mutuncin mijinta, ita tana nan tana rufa masa asiri, ko ga mijin da ake zagi ba ta faɗa ba. Ya ji ya ƙanƙance a kan tabarmar.

Ya miƙa hannuwansa biyu ba tare da ya dube ta ba. Ta matso a durƙushe ta ɗora masa jaririyar.

"Wane suna anka sa mata?"

"Sunan Inna," in ji ta. Ta tashi da sauri ta shige ciki, don ba ta iya zama ta ga ubanta riƙe da 'yarta ta fari.

Jaririyar ta buɗe ido ta ga baƙuwar fuska da rawani, ta tsala kuka. Sambo ya jijjiga ta, ya yi mata 'yar tsuwar da ake yi wa maraƙi, ta ƙi. Ya dubi ƙofar waje, ba kowa. Ya dubi ta ciki, ya ga gefen zanen Salamatu a bayan ƙyaure, ya san tana ji. Ya sauke rawanin daga bakinsa, ya sunkuya kusa da kunnen ƙaramar Kubura, ya ɗauko waƙar daga inda kaset ɗin ya tsinke.